Kafin Magidanci Ya Sayi Farantin Sola a Arewacin Kamaru

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan uwana magidanta na Garwa, Marwa, Gawundare da Kusiri, har da maƙwabtanmu na Injamena, a kan zaɓen farantin sola na gida. Haɗa wutar lantarki ita ce sana'ata, kuma a 'yan shekarun nan babu tambayar da ake yawan yi mini kamar wannan: wane faranti ne ya fi kowanne ƙwazo? Tambayar tana kan hanya, amma na lura yawancin masu yin ta sun ɗauka cewa da zarar sun sami farantin da lambar ƙwazonsa ta fi girma sun rabu da duhu, alhali a ƙasarmu mai zafi da ƙura akwai abubuwan da suka fi lambar nan nauyi, kuma su ne mai saye ba ya tambaya, mai sayarwa kuma ba ya faɗa.

Dalilin da ya sa jama'a suka karkata ga sola ba ɓoyayye ba ne. Jihohin arewa uku, wato Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe a kan layin wuta nasu daban, kuma ginshiƙinsa shi ne madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Garuruwa sun bunƙasa tun daga lokacin, kuma idan ruwa ya ja baya a bazara sai wuta ta ragu daidai lokacin da aka fi bukatar fanka da ruwan sanyi. Manyan tashoshin sola biyu da aka buɗe a Marwa da Gidar a 2023 sun rage wahalar, sun kuma nuna wa kowa cewa ranar da muke kuka da ita dukiya ce. Saboda haka duk wanda ya tara ɗan abin hannunsa ya nufi kasuwa neman faranti yana da gaskiya. Abin da nake so shi ne kada kuɗin nan, wanda wani sai da ya sayar da dabba ko ya jira ɗaukar adashi kafin ya haɗa shi, ya tafi a banza.

Ƙwazon faranti shi ne kason hasken rana da yake iya mayarwa lantarki. A ɗakin gwaji ake auna shi, inda ake haska wa farantin haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, shi kuma yana kan zafin digiri 25. Idan murabba'in mita guda ya ba da wat 210, sai a ce ƙwazonsa kashi 21 ne cikin 100. Ƙwayar silikon, wato ɗan yankin da ke mayar da haske lantarki a cikin faranti, ta farko mai amfani, wadda aka ƙera a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1954, kashi 6 kawai take bayarwa. Tsofaffin farantai masu launin shuɗi da muka saba gani suna tsakanin kashi 15 da 17, baƙaƙen nan na yanzu suna tsakanin 20 da 23, mafi tsada a cikinsu kuma suna wajen 24 zuwa 25. Tun 1961 masana biyu, William Shockley da Hans Queisser, suka nuna cewa ƙwaya mai hawa ɗaya tana da iyakar da ba za ta iya wucewa ba, kuma lissafin da aka yi daga baya ya tabbatar da cewa iyakar silikon ba ta kai kashi 30 ba. Wanda duk ya ce maka farantinsa na silikon yana ba da kashi 30 ko 40, ka san cewa ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko kuma ya sani yana ɓoyewa.

Babban amfanin wannan lissafi a wurinmu shi ne kama ƙarya, kuma awo na tela ya isa. Na taɓa tsayawa a wata rumfa inda aka jingina faranti mai tsawon mita 1 da rabi, faɗinsa bai kai santimita 70 ba, an manna masa takarda a baya mai cewa wat 300. Gefen takardar ya ɗan ɗago, ana ganin gurbin wadda aka ɓare kafin ita. Faɗin farantin gaba ɗaya murabba'in mita guda ne da 'yan kai, saboda haka kafin ya ba da wat 300 sai ƙwazonsa ya kai kusan kashi 30, abin da babu masana'antar da take sayarwa. Iyakar abin da zai iya bayarwa, ko da sabon ƙira ne, bai wuce wat 200 da kaɗan ba, idan kuma tsohon ƙira ne wajen 150. A kwatanta shi da farantin wat 550 na gaskiya, wanda tsawonsa yake kai mita 2.28, faɗinsa mita 1.13, nauyinsa kilo 27 ko fiye, har sai mutum biyu sun kama kafin a hau da shi rufi lafiya. Mai saye ya auna tsawo da faɗi da mita, ya ninka su, ya sake ninkawa da 1,000, sannan ya raba wat ɗin da aka rubuta da abin da ya samu. Idan amsar ta haura 0.25, wato kashi 25 cikin 100, ya ajiye farantin ya nemi wata rumfar.

Akwai kuma wani kuskuren fahimta da ya yaɗu, wato ɗaukar cewa wat na faranti mai ƙwazo ya fi wat na ɗan uwansa ƙarfi. Ba haka ba ne. Buhun gero buhun gero ne, ko a rabin gona aka noma shi ko a gona sukutum. Bambancin yana ga faɗin ƙasar da aka ci. Haka farantai biyu masu wat 450 na gaskiya suke ba da wuta iri ɗaya a ɗakin gwaji, sai dai mai ƙwazon ya fi ƙanƙanta. Mu ɗauki gida mai ƙwan fitila 8 masu wat 10 na awa 6, da fanka 3 masu wat 60 na awa 10, da talabijin, da ƙaramin firji, da cajin wayoyi. Bukatarsa a yini tana wajen wat-awa 4,000, wato jimlar wat na kowane kaya da aka ninka da awannin aikinsa. A yankinmu ranar da ke sauka a yini guda tana daidai da awa 5 da rabi zuwa 6 na cikakken haske, kuma idan aka cire abin da zafi, ƙura, wayoyi da batir suke ci, farantai 3 masu wat 450 za su riƙe gidan har da rarar da za ta taimaka a kwanakin hadari na watan Agusta. Idan ƙwazonsu kashi 22 ne za su ci murabba'in mita 6 da kaɗan, idan kashi 17 ne za su ci kusan 8. Bambancin bai kai murabba'in mita 2 ba. A biranen Turai, inda rufi yake da ƙanƙanta kuma ladan ma'aikaci yake da tsada, wannan bambanci yana da daraja sosai, shi ya sa tallace-tallacensu suke ta nanata ƙwazo. Mu kuwa yawancin gidajenmu suna da rufin zaure, rufin ɗakuna da tsakar gida mai yalwa. Wanda ya kamata ya damu da ƙwazo saboda wuri shi ne mai shago a cikin kasuwa, ko mai haya a tsakiyar gari wanda ɗan rufin da ya samu ba shi da yawa.

Duk da haka ina ba mutane shawarar su nemi sabon ƙira idan aljihu ya yarda, kuma dalilina shi ne zafi. Mutane da yawa suna zaton faranti ya fi aiki idan rana ta fi ƙuna. Haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Digiri 25 ɗin nan na ɗakin gwaji zafin jikin farantin ne, ba na iska ba, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da iskar Garwa da Marwa take haura digiri 40, jikin farantin da ke rufi da tsakar rana yana kai wajen digiri 70. Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannunsa a kan gilashin da azahar ya san ba a iya barinsa a wurin. A takardar bayanin kowane faranti na kirki akwai layin da yake nuna kason ƙarfin da ke zubewa a kan kowane digiri guda da aka haura 25. Tsofaffin shuɗɗan farantai suna zubar da wajen kashi 0.40, a cikin baƙaƙen nan kuwa nau'in da ake rubuta wa PERC wajen 0.35, nau'in TOPCon wajen 0.30, nau'in HJT kuma wajen 0.25. Lambobin suna da kamar ƙanana, amma a ninka su da digiri 45 da ke tsakanin 25 da 70: na farko ya rasa kashi 18 na ƙarfinsa, na biyu kusan 16, na uku 13 da rabi, na huɗu wajen 11. Wato farantin wat 550 irin na PERC, ko da na gaskiya ne kuma an wanke shi tas, abin da zai bayar da azahar ɗin bazara wajen wat 460 ne. Wannan ba algus ba ne, halin silikon ne, kuma ya kamata mai haɗawa ya sanar da maigida tun kafin a fara aiki, domin kada a zo ana zargin juna daga baya.

A ganina wannan layi na zafi ya fi lambar ƙwazo muhimmanci ga mutumin Garwa, Marwa, Kusiri da Injamena. Mutumin Gawundare, wanda yake kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,000, inda ake da sanyi da doguwar damina, damuwarsa ta fi karkata ga kwanakin gajimare, don haka ƙarin faranti ya fi masa amfani. Amma ko a nan ƙasa mai zafi kada a wuce gona da iri. Ribar da ke tsakanin tsohon ƙira da sabo a lokacin zafi kashi 5 zuwa 7 ce. Idan bambancin farashi a kan kowane wat ya yi kusa da haka, a ɗauki sabon; idan kuwa an ninka kuɗin, ya fi kyau a sayi matsakaici na gaskiya a ƙara faranti guda. Hanyar kwatanta farashi ita ce a raba kuɗin da adadin wat, a ga sefa nawa kowane wat ya kama, bayan an tabbatar da awo cewa wat ɗin na gaskiya ne.

Wani abin takaici shi ne yadda ake sayen faranti mai tsada saboda juriyar zafi, sannan a kwantar da shi a kan kwano a ɗaure da waya. Na hau rufin wani gida da maigidan yake kukan batir ba ya cika, na tarar da farantai masu kyau manne da kwanon, babu inda iska za ta ratsa, ƙarƙashinsu cike da busasshen ganyen darbejiya da kashin tantabara. Kwano da kansa yana ɗaukar zafi, sai ya zama ana gasa farantin sama da ƙasa. A ɗora shi a kan ƙarfe, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 ko fiye domin iska ta wuce, a kuma ɗaure ƙarfen da kusoshi masu ƙarfi a jikin katakon rufin, ba a jikin kwanon kaɗai ba, domin faranti mai faɗin murabba'in mita 2 da rabi yana tare iska sosai, kuma kowa ya san irin guguwar da ke zuwa da ruwan farko.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ta daga arewa maso gabas, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wanda yake cikin manyan wuraren da ƙura take tashi a duniya, kuma mu ne a bakin hanyarta. Hazon da ke sama yana rage hasken da ke saukowa, wannan babu yadda za mu yi da shi. Amma wadda ta kwanta a kan gilashi, har mutum ya iya rubuta sunansa da yatsa, tana iya cinye fiye da duk ribar da aka biya kuɗi domin samu a wajen sayen faranti mai ƙwazo. Maganinta wanki ne da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba, domin ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi. Kada a goge ƙurar a bushe ko a sa tsintsiya, yashin yana karce gilashin, kada kuma a bar yaro ya taka faranti yana wankewa, domin ƙwayoyin da ke ciki suna tsagewa ba tare da ido ya gani ba. Wannan ya sa nake cewa tun ranar da za a zaɓi wurin kafawa a yi tunanin wanda zai riƙa wankewa. Farantin da aka kai ƙololuwar bene inda babu tsani ba za a wanke shi ba sai damina ta zo.

Game da fuskanta, muna arewa da tsakiyar duniya: Gawundare tana kan digiri 7, Garwa 9, Marwa tsakanin 10 da 11, Kusiri da Injamena 12. Saboda haka faranti ya fuskanci kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15, wanda ya isa ruwan sama ya gangara da datti maimakon ya taru a gefen ƙasa. A kuma tsaya a wurin da safe da yamma a ga inda inuwa take faɗawa. Ƙwayoyin faranti a jere suke haɗe, wuta tana bi ta cikin ɗaya zuwa ɗaya, shi ya sa inuwar reshe guda, ko ta tankin ruwa, ko ta kwandon tauraron ɗan adam, take iya kashe sulusin faranti ko da ɗan gefe ta rufe. Ba na goyon bayan a sare darbejiyar da take ba gida inuwa saboda sola. A nemi wani gefen rufin, ko a rage reshen da ya shigo.

Inda aka fi yin asara, kuma ba a gani, shi ne na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir. Iri biyu ce. Mai araha, wadda ake rubuta wa PWM, tana jawo ƙarfin farantin ƙasa ya daidaita da na batir. Farantin wat 550 yana aiki ne a wajen bolt 41 da amfiya 13. Idan aka haɗa shi da batir mai bolt 12 ta irin wannan na'ura, zai sauko wajen bolt 14, amfiyar kuma ba za ta ƙaru da wani abin kirki ba, sai abin da ke shiga batir ya tsaya ƙasa da wat 200. Kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka saya ya tafi. Ɗayar, mai suna MPPT, tana barin farantin ya yi aiki a inda ya fi ƙarfi, ta mayar da rarar bolt ɗin zuwa amfiya. Manyan farantan zamani da ita aka yi su, kuma wanda ba zai iya sayenta ba gara ya ɗauki ƙananan farantan da aka ƙera domin batir mai bolt 12. A nan ma akwai jabu, masu rubutun MPPT a jiki alhali cikinsu na ɗayar ne, kuma sau da yawa rashin nauyinsu da arahar da ta wuce hankali suke tona su. Waya ma a sa mai kauri ta jan ƙarfe, a taƙaita nisanta. Batir kuma a ajiye shi a ɗaki mafi sanyi mai shan iska, domin na dalma rayuwarsa tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 a kan 25, shi ya sa da yawa suke mutuwa a bazara ta biyu.

Maganar garanti tana bukatar a yi ta a fili. Manyan masana'antu irin su LONGi, JinkoSolar, Trina Solar da JA Solar, waɗanda duk na ƙasar Sin ne, inda ake ƙera mafi yawan farantan duniya, suna ba da garanti iri biyu: na lafiyar kayan, wanda yawanci yake farawa daga shekara 12, da na ƙarfin wuta na shekara 25 zuwa 30, inda suke alkawarin cewa raguwar ba za ta wuce kashi 1 zuwa 2 a shekarar farko ba, sannan wajen rabin kashi ɗaya a kowace shekara. Saboda sunayen nan sun yi fice, su ne aka fi manna wa kayan da ba nasu ba. Faranti na gaskiya yana da lambarsa ta musamman a ƙarƙashin gilashi, inda hannu ba ya kaiwa, kuma dole ta yi daidai da wadda ke takardar baya, inda za a ga alamar ƙa'idojin inganci na duniya, IEC 61215 da IEC 61730. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, babu magidancin Garwa da zai aika faranti ƙasar Sin domin a musanya masa. Garantin da zai yi masa aiki shi ne na ɗan kasuwar da yake da shago tsayayye, wanda ya yarda ya rubuta lambar kowane faranti a kan rasit, ya kuma yarda a gwada kafin a biya.

Gwajin ba shi da wuya. A fitar da farantin rana tsakanin ƙarfe 11 da 1, a fuskantar da shi ga rana, a auna bolt a bakin wayoyinsa biyu. Ya kamata ya yi kusa da lambar da aka rubuta wa Voc a takardar baya, ko ya ɗan gaza saboda zafi. Sai dai bolt kaɗai ba ya isa, domin ƙaramin faranti ma yana iya nuna bolt mai kyau. Amfiya ce take fallasa ƙarya, a gwada ta da lambar da aka rubuta wa Isc a takardar. Ta manyan farantai tana kai wajen 14, ta fi ƙarfin ƙananan mitocin da iyakarsu 10, don haka a je da ma'aikaci mai mitar da ake maƙala wa waya. Wannan gwaji shi ne kuma sharaɗin sayen farantai na hannu da ake shigowa da su. Ban hana kowa sayensu ba, domin wasu suna da sauran aiki mai yawa, amma a duba ko ƙwayoyin sun yi ruwan ƙasa, ko ledar baya ta kumbura ko ta tsage, ko akwatin wayoyi ya ƙone, a kuma biya kuɗin wat ɗin da mita ta nuna, ba wanda aka rubuta shekarun baya ba.

Ina kira ga hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, ANOR, da ta sa ido a kan farantan da ke shigowa ta Duwala da ta iyakokinmu da Najeriya, musamman a kan takardun da ake mannawa a bayansu. Ina kuma roƙon shugabannin 'yan kasuwar kayan lantarki na Garwa da Marwa su haɗa kai da makarantun koyon sana'a da babbar makarantar fasaha ta Jami'ar Marwa, wadda take koyar da fannin makamashin da ake sabuntawa, a kafa teburin gwaji a cikin kasuwa, inda ɗalibi da mita zai auna wa mai saye farantinsa a kan ɗan kuɗi kaɗan ya rubuta masa sakamakon. 'Yan kasuwa masu gaskiya, waɗanda suna da yawa, su ne za su fara cin ribar wannan tsari, domin a yanzu mai kayan jabu yana karya musu farashi. Kai kuma, Malam Edita, ina fatan jaridarka za ta riƙa buga hoton takardar bayan faranti tare da bayanin kowane layi da Hausa, domin yawancin takardun nan da Turanci suke zuwa, mu kuma a nan karatunmu na boko da Faransanci ne.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani mai aikin lantarki,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.